Me ya sa bayan motata ke kaɗawa idan an yi ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tuƙa Corolla, bana na sayo Mustang GT ƙirar 2015, otomatik, daga Kwatano. Ranar da aka yi ruwan farko a Sakkwato na fito daga wani shataletale a titin Ahmadu Bello, na ɗan taka totur, sai bayanta ya kaɗa, na tsinci kaina ina fuskantar inda na fito. Allah ya tsare ban bugi kowa ba. Abokaina wasu sun ce in sa buhun yashi a but, wasu sun ce in rage iskar taya, wani ma ya ce in sayar da ita, wai mota mai jan baya ba ta damina ba ce. Mi ag gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Barka da arziki, Allah ya ƙara tsarewa. Ka kwantar da hankalinka, ba sai ka rabu da motar ba. Sana'ata gyaran ƙafar mota ce, wato taya da birki da shok da alaimen, kuma kowace shekara da zarar ruwa ya sauka nakan fara ganin irin taka ana janyo su, wata rim ya lanƙwashe, wata gefen baya ya lotse. Idan ka tambayi masu su, kusan duk labarinsu ɗaya da naka: bakin kwana, kwalta a jiƙe, ƙafa a kan totur.

Wanda ya ce mota mai jan baya ba ta damina ba ce ya manta da Peugeot 504. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, kuma 504 da 505 da tsoffin Marsandi duk da baya suke ja. Da su iyayenmu suka yi ta zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Gusau da Zariya, rani da damina. Bambancin yana wurin ƙarfi. Da kyar 504 take kai ƙarfin doki 100. Corolla mai injin 1.8 tana wajen 130. Taka V8 ce mai lita 5, ƙarfin doki 435, duka kuma a kan tayoyi biyu na baya yake sauka. Takun da ka saba yi wa Corolla ta tashi sumul, shi ne idan ka yi wa wannan a jiƙaƙƙiyar kwalta sai ta juya da kai.

Ga yadda abin yake. Wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai fi tafin hannunka ba, kuma riƙon da take da shi a wurin yana da iyaka. Riƙo ɗaya ne, da shi ake tura mota gaba, da shi ake tsayar da ita, da shi ake hana ta zamewa gefe a kan kwana. Duk abin da ka ci a gefe ɗaya, ka rage shi ne a ɗaya gefen. A busasshiyar kwalta riƙon yana da yawa har ba ka sanin kana raba shi. Idan ruwa ya sauka zai iya komawa rabi ko ƙasa da haka. To ka duba halin da kake ciki a shataletalen nan: sitiyari a karkace, tayoyin baya sun riga sun duƙufa wajen riƙe gindin motar kada ya fita waje, sai ka ƙara musu aikin turawa da injin doki 435. Riƙon ya ƙare, suka fara juyawa a banza, tayar da take juyawa a banza kuwa ba ta riƙe gefe ko kaɗan.

A Corolla ma hakan na faruwa, amma a gaba, don ita da tayoyin gaba take ja. Idan tayoyin gaba suka zame, motar takan miƙe ta ƙi shan kwana, kai kuma tsoro ya sa ka ɗaga ƙafa, sai ta dawo hanya da kanta. Shi ya sa mutum zai shekara goma yana tuƙa ta bai san ta taɓa zamewa ba. Ka lura da ɗan ga-ruwa da kurarsa: idan yana janta, duk inda ya bi za ta bi shi, amma idan yana tura ta daga baya, ɗan karkacewa kaɗan sai ta nemi kwacewa gefe, sai ya yi ta gyara hannu. Taka turawa ake yi. Akwai kuma ƙarin abu a motocin tsere irin taka. A mota ta yau da kullum, idan taya ɗaya ta zame, ƙarfin yakan zurare ta nan, ɗayar ta ci gaba da riƙe ƙasa. Aksul ɗin Mustang GT an yi shi ne ya ɗaure tayoyin biyu su yi aiki tare, don tashi da ƙarfi. A busasshen wuri alheri ne. A santsi kuwa, idan za su zame tare suke zamewa, babu wadda ta rage ta riƙe bayan.

Ranar da abin ya same ka ma ita ce mafi muni a shekara. Mu nan Sakkwato mukan yi wata bakwai ko fiye ba ɗigon ruwa. Duk tsawon lokacin nan ƙurar hunturu da baƙin mai da gas da ke ɗiga daga tireloli da garin taya da kashin dabbobi suna ta taruwa a ramukan kwalta, rana tana gasa su. Ruwan farko ba ya wanke su, jiƙa su yake yi su zama wani irin yauƙi a saman titi. Inda ya fi taruwa kuwa shi ne inda motoci suke tsayawa da inda suke karkata, wato shataletale da mahaɗa da bakin gidan mai da bakin tasha. Yayyafi ya fi ruwa mai ƙarfi haɗari ta wannan fuskar, don shi ba ya da ƙarfin kwashe dattin, kuma direba yana ganinsa ya raina shi. Ko a tsakiyar damina, idan aka yi kwanaki ba ruwa, mintunan farko na ruwan da zai biyo baya haka suke. Bayan an ɗauke kuma sai wata matsalar ta zo: yashin da ruwa ya kwaso ya zube a bakin kwana, da jar lakar da tifofi suke fitowa da ita daga hanyoyin unguwa su shafe kwalta da ita. Farin fentin titi da murfin ƙarfe da ƙarfen mahaɗin gada, su ma duk santsi ne idan sun jiƙe.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai a labarinka. Mota ƙirar 2015 tana da kwamfutar da aikinta ke nan, ta hana irin wannan juyawar. Ɗan taku a shataletale bai kamata ya juya da kai gaba ɗaya ba. Saboda haka ina zargin ɗayan uku: ko tayoyinka sun mutu, ko na'urar a kashe take ko ta lalace, ko kuma ƙafar baya ba daidai take ba. Da taya zan fara, kuma a nan zan daɗe, don ita ce rabin maganar.

Je ka tsuguna gaban tayar baya da fitilar wayarka. A gefenta za ka ga inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2317, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2017. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana cewa taya ta ƙare aiki bayan shekara huɗu da yin ta. Kamfanonin taya sukan ba da wa'adin da ya fi haka, amma ni a garin da zafi yake wuce digiri 40 a watan Afrilu, ba na jayayya da hukumar. Rana tana busar da roba. Sau da yawa akan kawo mini taya zanenta raɗau, mai ita yana cewa ai sabuwa ce, sai in danna farcena a jikinta ya ƙi shiga, in haska cikin kwarmin zanen in ga ƙananan tsagu kamar gashi. Irin wannan a busasshiyar kwalta za ta yi tafiya, ba za ka gane komai ba. Ranar da ta taɓa ruwa za ka sani.

Sai zurfin zanen. Sabuwar taya takan zo da kimanin milimita 8. A cikin kwarmin akwai wasu ƙananan tudu da aka gicciya, tsayinsu milimita 1.6, idan saman tayar ya zo daidai da su to ta kai iyakar da doka ta yarda a Turai. Kada ka jira wannan. Aikin kwarmin shi ne kwashe ruwa daga ƙarƙashin taya ya watsar gefe, kuma daga milimita 3 zuwa ƙasa aikin yana raguwa sosai. Ka shafa har can gefen ciki, wajen da ido ba ya gani, don motocin nan sukan cinye cikin tayar baya alhali wajen yana nan da kyau.

Tayoyin Baljiyam kuma ka yi hattara da su. Da yawansu tayoyin ƙanƙara ne da aka cire a Turai. Za ka gane su da hoton tsauni mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, da ƙananan tsage-tsage masu yawa a kan zanen. An yi robarsu don sanyin da bai kai digiri 7 ba. A kan kwaltar Sakkwato sai su yi laushi, mota ta riƙa lilo a kwana, birki ya ƙara tsawo. Wanda ya iya sayen V8 ya daure ya saya mata sabbin tayoyi na kamfanin da aka sani, masu girman da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Idan kuɗin biyu kawai ke hannu, a baya za a sa sabbin, kuma biyun su zama iri ɗaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya. Na san mutane sun fi son sa sabbi a gaba saboda sitiyari. Zamewar gaba ana iya gyara ta da ɗaga ƙafa, zamewar baya ita ce ke juya mota.

Maganar rage iska kuwa, kada ka yi. Akasin abin da suke zato take haifarwa. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tsakiyarta yakan lotsa ciki, kwarmin ya matse, ruwa ya samu wurin taruwa a ƙarƙashinta. Tun 1963 masu bincike na hukumar NASA a Amurka suka nuna cewa gudun da taya take fara hawa kan ruwa yana tafiya ne da yawan iskar cikinta. Da lissafinsu, taya mai iska 32 a ma'aunin mai faci za ta iya tashi daga ƙasa gaba ɗaya a wajen kilomita 94 cikin awa idan ruwan ya kwanta da kauri, mai iska 24 kuwa tun daga wajen 82. Wannan na cikakkiyar tashi ke nan, riƙon yana fara raguwa tun kafin a kai nan, balle in tayar ta suɗe. Haka kuma kada ka bar mai faci ya ɗura mata 45 ko 50 kamar yadda wasu suke yi wa kowace mota. Adadin da ke jikin ƙofar shi za ka bi, a auna da safe kafin ka yi tafiya, kuma ka sayi ma'auninka na kanka ka ajiye a mota.

Yanzu na'urar. Marsandi da kamfanin Bosch suka fara fito da ita a 1995 da sunan ESP, Amurka kuma ta wajabta ta a kan duk ƙananan motoci daga ƙirar 2012. Kowane kamfani da sunan da yake kiranta: BMW suna cewa DSC, Toyota da Lexus VSC, Ford kuma AdvanceTrac. Tana auna gudun kowace taya, da inda ka juya sitiyari, da inda motar take nufa a zahiri. Da ta ga baya ya fara fita, sai ta rage wutar inji ta kama birkin taya ɗaya tak, abin da babu direban da zai iya yi da ƙafarsa. Gobe da safe ka kunna makulli ka zuba wa dashbod ido. Fitilar ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an daki birki, da ta hoton mota mai zamewa dole su kama, sannan su mutu bayan daƙiƙu kaɗan. Idan suka zauna a kunne, na'urar ba ta aiki, galibi kuma ɗan sensa ne na jikin taya ko wayarsa. Idan ba su kama ba sam, to wani ya rufe su ne don a sayar da motar, kuma na sha ganin haka. A sa mata kwamfuta a duba. A kuma ɗora ta a injin alaimen na ƙafa huɗu, ba na gaba kaɗai ba. Da yawa daga cikin motocin tsere da ke shigowa daga Amurka sun taɓa yin haɗari kafin a yi gwanjonsu, an gyara jiki ya yi ƙyalli, amma wani hannu a ƙafar baya yana nan a ɗan lanƙwashe. Shok ɗin baya da ya mutu shi ma yana sa taya ta riƙa tsalle tana sakin ƙasa.

Idan na'urar lafiya take, to ka bar ta a kunne. Ina roƙonka wannan da gaske, don na san abin da samari suke gaya wa juna, wai tana danne ƙarfin mota. A damina danne ƙarfin nan shi ake nema. Idan ka ga fitilar tana ƙiftawa kana cikin tafiya, tana gaya maka ne cewa yanzun nan ta cece ka, ka sassauta. Idan taka samfurin Mustang ɗin da ake kira Premium ce, a maɓallan da ke ƙasan rediyo akwai na zaɓen yanayin tuƙi, ka sa ta a Snow/Wet duk ranar da aka yi ruwa, zai sa totur ya yi sanyi, giya ta riƙa shiga a hankali. Sport+ da Track ka bar su sai rani. Masu Lexus IS suna da maɓallin SNOW, masu Marsandi kuma su sa a C maimakon S. Sai dai ka sani, kwamfuta ba ta ƙirƙiro riƙon da babu shi. Abin da taya ta ba ta shi take rarrabawa.

Sauran aikin na ƙafarka ta dama ne. Ka'idar da nake ba duk wanda ya zo da irin motarka ita ce: kada ka haɗa aiki biyu a lokaci ɗaya. Ka gama taka birki tun motar tana miƙe, kafin ka shiga kwana. A cikin kwanar ka riƙe totur daidai gwargwado, ba ƙari ba ragi. Sai ka fara warware sitiyari sannan ka fara ƙara wuta, gwargwadon yadda hannu yake miƙewa gwargwadon yadda ƙafa take sauka. Totur ɗin kuma matsa shi ake yi sannu a hankali, ba a dannawa. Wajen fita daga mahaɗa, inda mutum yake son ya yi wuf ya shiga gaban wata mota, nan ne aka fi juyawa, don sitiyari yana karye gaba ɗaya kuma giya ta ɗaya ce. Ka jira babban sarari, ka fita a natse.

Otomatik tana da wani tarko da ya kamata ka sani. Kana bayan tirela a hanyar Gusau, wajen Dange ko Shuni, kana tafiya 70, ka leƙa ka ga hanya, ka danne totur har ƙasa. Giyar za ta sauko biyu ko uku a lokaci guda, ƙarfin injin duka ya faɗo wa tayoyin baya daidai lokacin da kake karkata sitiyari kana taka fentin tsakiyar titi. Mota mai ƙarfi irin taka tana iya zamewa a wannan gudun. Idan wucewar ta zama dole, ka fita layin tukuna, ka miƙe, sannan ka ƙara wuta da rabin totur, ya ishe ka. Haka kuma kada ka riƙa sauko da giya da hannu don rage gudu a santsi. Birkin inji a tayoyin baya kaɗai yake kamawa. Birkin ƙafa ya fi, don yana rabuwa ƙafa huɗu kuma ABS tana tsaronsa. Na'urar riƙe gudu ta kurus ita ma a kashe ta idan ana ruwa.

To idan duk da haka bayan ya kaɗa fa? Abu na farko ido. Ka kalli inda kake son zuwa, kada ka kalli fol ɗin wuta ko kwalbatin da kake tsoro, don hannu ido yake bi. Idan bayan ya fita dama, ka juya sitiyari dama, da sauri amma daidai gwargwadon fitar. Ka sassauta totur, kada ka fizge ƙafarka gaba ɗaya, kuma kada ka daki birki, domin duka biyun suna kwashe nauyi daga baya su kai gaba, bayan ya ƙara sauƙi. Wurin da mutane suka fi faɗuwa shi ne abin da ke biyo baya. Da tayoyin sun sake kama ƙasa, motar za ta dawo da ƙarfi, idan sitiyarinka yana nan a karkace sai ta wulla ka ɗaya gefen, kuma wannan ta biyun ta fi ta farko tsanani. Saboda haka da ka ji ta fara dawowa, ka fara miƙe hannu. Hannu biyu a sitiyari, ɗaya a kowane gefe. Idan kuwa ta riga ta wuce gyara, ta juya, to ka take birki iya ƙarfinka ka riƙe har ta tsaya cak, kada ta gangara da kai cikin wata motar.

A babbar hanya matsalar takan canza kama. Tireloli sun riga sun yi wa kwalta sawu biyu, ruwa yana kwanciya a ciki, faffaɗar tayar motar tsere kuma ta fi siririya saurin hawa kan ruwa, don ruwan da za ta kore ya fi yawa. Alamarsa sitiyari ya yi sakayau a hannunka, ƙarar taya ta ɗauke, wani lokaci ka ji inji ya ɗaga murya. Kada ka juya, kada ka taka birki. Ka riƙe sitiyari a miƙe, ka sassauta totur, ka jira, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu za ta sauka. Ka riƙa ɗan kauce wa sawun, kana bin tudun da ke gefensa. Dokar hanya ta ba ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, amma wannan na busasshen titi ne. A gudun 80 kana cin mita 22 kowace daƙiƙa. Birkin da zai tsayar da kai a wajen mita 30 a rani zai iya neman 60 a ruwa. Ka bar tazarar daƙiƙa huɗu tsakaninka da na gabanka, ka kuma tuna ɗan kabu-kabu da ruwa yake dukan fuskarsa ba ya ganinka, sauri yake ya samu rumfa, zai iya yanko maka ta ko'ina.

Ruwan kwance kuwa ba jan baya ba jan gaba, gajartar motar ce matsala. Cikinta bai fi santimita 15 daga ƙasa ba. Idan inji ya shaƙi ruwa ta iyakilina, fistin ba ya iya matse ruwa, sai kwanrod, wato ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe, an shiga maganar sabon inji. Idan ruwa ya kai ƙasan ƙofa ko ba ka ganin bakin titi, ka juya. Kada ka bi bayan Hilux ka ce ai ta wuce. Idan mai sauƙi ne, ka bari na gaba ya fita, ka shiga da tafiyar ƙafa ba tsayawa, bayan ka fita ka ɗan taka birki sau biyu ko uku ya bushe. In ta mutu a ciki, kada ka sake tayar da ita ko sau ɗaya, a tura ta waje, a cire filogi a duba. Ruwa mai gudu kuma ba a gwada shi: santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, 60 yana tafiya da jif. Duk wanda yake garin nan a watan Satumba na 2010, lokacin da ambaliyar Rima ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya ga abin da ruwa yake yi wa kwalta da gada, balle mota.

Ka canza robar waifa a farkon kowace damina, rana ta riga ta ƙona ta. Ka kunna fitila ƙasa-ƙasa, ka kunna AC ka tura iskar gilas don kada ya yi hazo. Fitilar haɗari mai ƙiftawa biyu ta wanda ya tsaya ce, idan kana tafiya da ita babu mai gane siginarka. Ruwanmu kuma yawanci da hadarin gabas yake zuwa, iska da jar ƙura a gaba, sannan ya zuba kamar da bakin ƙwarya, ba da daɗewa ba ya wuce. Idan ka ga gabas ta haɗe, ka samu gidan mai ko wani fili ka tsaya, nesa da dogon yaro da allon talla da wayar wuta. Yawanci jiran ba ya da tsawo.

Buhun yashi dabara ce ta masu a-kori-kura, kuma a wurinsu tana da amfani, don bayansu fayau yake idan ba kaya. Taka gabanta ya ɗan fi nauyi, amma ba irin haka ba. Nauyin da ka ajiye a ƙarshen but, bayan aksul, zai ɗan taimaka wajen tashi, amma ranar da bayan ya kaɗa shi zai ƙara masa ƙarfin lilo, idan kuma aka yi karo buhun da ba a ɗaure ba shi ma abin tsoro ne. In kana son ƙarin nauyi a baya, ka cika tanki, don yana ƙasa kuma kusa da aksul.

Bayan ka gyara taya an duba na'urar, ka samu fili mai faɗi da ba kowa, ba yara ba dabbobi ba fol, ranar da aka yi ruwa, ka tafi da wani babba da ya san mota. Na'ura a kunne, gudu kada ya wuce 30. Ka take birki da ƙarfi ka ji yadda feda take karkarwa a ƙafarka, wannan ABS ce take aiki, ba a ɗaga ƙafa idan an ji ta. Ka yi kwana ka ɗan ƙara totur har fitilar ta ƙifta, ka ji daidai inda bayan yake fara motsi a kujerarka. Wannan ba wasan mota na ranar ɗaurin aure ba ne, wanda nake roƙonka ka nisance shi ko da rani, don a tsakiyar mutane ake yin sa kuma mota ba ta da tabbas. Idan ka samu lokaci kafin nan, ka turo mini lambobi huɗun da ke jikin kowace taya da girman da aka rubuta a gefenta, in gaya maka waɗanda za a fara cirewa.